“A Fitar Da Shi Kawai!”: Yadda Ƙuri'ar Gaggawa Ke Kashe Wasan Mafiya A Gurufanmu

Ƙarfe tara da rabi na dare, an idar da sallar Isha'i, an ci tuwo, kowa ya kishingiɗa da wayarsa. Alƙalin wasa ya rubuta a guruf cewa gari ya waye, an tsinci gawar wane a bakin kasuwa. Bai gama rubuta layi na biyu ba wani ya jefo suna: “Ni fa wance nake zargi, shirunta ya yi yawa.” Na biyu ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan. Na uku ko magana bai yi ba, alamar babban yatsa kawai ya manna. Cikin minti biyu ƙuri'a shida sun taru a kan mutum ɗaya, an fitar da ita, alƙali ya buɗe matsayinta: likitar gari ce, wadda ita kaɗai ke iya ceton wanda miyagu suka nufa da dare. Ita kuwa duk wannan bidirin da ake yi tana tsakar gida, ta ɗaga waya sama tana neman sabis.

Duk wanda ya taɓa buga Mafiya a WhatsApp ko Telegram, ko ya shiga Among Us da abokansa, ya san irin wannan daren. A gurufan da nake ciki, na 'yan Makarfi da Ikara da Hunkuyi, yawancinmu ɗalibai da masu jiran gurbin karatu, na lura ba kasafai miyagu ke cin wasa da wayonsu ba. Mutanen gari ne ke miƙa musu shi da hannu bibbiyu, saboda saurin danna ƙuri'a.

Ga wanda bai taɓa yi ba, tsarin ba shi da wuya. Alƙalin wasa zai bi kowa a asirce ya faɗa masa matsayinsa. Biyu ko uku su ne miyagu, kuma sun san junansu. Sauran mutanen gari ne, kowa kansa kawai ya sani. A cikinsu akan sa likita, da ɗan sanda wanda kowane dare yake da damar tambayar alƙali ko wane mugu ne. Da “dare” miyagu su zaɓi mutum ɗaya su kashe, da “rana” a taru a yi muhawara, a jefa ƙuri'a, a fitar da wanda aka fi zargi. Gari ya ci in ya fitar da miyagu duka. Miyagu sun ci in yawansu ya kamo na sauran.

Wani ɗalibi ɗan Rasha, Dimitry Davidoff, shi ya ƙirƙiro wasan a 1986 a sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Mosko. A 1997 wani Ba'amurke, Andrew Plotkin, ya sauya masa riga, miyagun suka koma mutanen da ke rikiɗa su zama kyarkeci da dare, aka sami Werewolf. Mu da muka tashi da labarin masu rikiɗa su koma kura, wannan kam bai zama baƙo a kunnenmu ba. Shi kuma Among Us, na kamfanin InnerSloth, ya fito ne a 2018, amma sai lokacin kullen korona a 2020 ya game duniya: ma'aikatan kumbo na ta aikinsu, sojan gona na bin su yana kashewa ɗaya bayan ɗaya. Rigunan ne daban-daban, gangar jikin ɗaya ce. 'Yan tsiraru da suka san komai, a tsakiyar taron da bai san komai ba. Babban makamin taron shi ne ƙuri'a, kuma wanda ya fi kowa so a yi saurin jefa ta shi ne wanda ba ya so a tsaya a yi tunani.

Ƙirga kawuna kafin ka danna

Mu ɗan yi lissafi, kada a gudu, ba na WAEC ba ne.

A ce ku goma ne, biyu miyagu. In aka jefa ƙuri'ar ranar farko a makance, damar dacewa da mugu biyu ce cikin goma. Sau takwas cikin goma ɗan uwanku za ku kora. Kai, abin ma ya fi haka muni, domin mutanen gari ne kaɗai ke jefawa a makance. Mugu ya san ɗan uwansa, ba zai taɓa fara kawo sunansa ba, amma da ya ga an fara taruwa a kan ɗan gari sai ya lallaɓa ya ƙara tasa.

Ɗauki wasan mutum bakwai, miyagu biyu, babu likita babu ɗan sanda, kowace rana a fitar da wani da ka, kowane dare a kashe ɗaya. In ka bi lissafin zuwa ƙarshe, gari na cin wasa 8 ne cikin 35, wato kusan kashi 23 cikin 100. Biyar sun tsaya gaban biyu, kuma su sha kashi fiye da sau uku cikin huɗu. A nan dai sarkin yawa bai fi sarkin ƙarfi ba.

Masana lissafi ma sun zauna a kan wasan. A 2008 wasu su uku, Mark Braverman da Omid Etesami da Elchanan Mossel, suka wallafa nazarin da ya nuna cewa in babu ɗan sanda, miyagu ba sa buƙatar yawa ko kaɗan: a garin mutum 100, guda goma sun isa su riƙe sauran 90, har da rara. Suka kuma nuna cewa samun ɗan sanda ko da guda ɗaya yana juya lissafin gaba ɗaya ya koma wajen gari. To yanzu ka tuna wa ƙuri'ar gaggawa ta fi ɗauka. Ɗan sanda da likita su ne suka fi kowa dalilin yin ƙasa-ƙasa da murya a ranar farko, don kada miyagu su gane su. Wannan taka-tsantsan ɗin shi ne abin da masu saurin hannu ke kira “shiru ya yi yawa”.

Kada wani ya fahimci cewa a daina ƙuri'a nake cewa. Garin da ya ƙi fitar da kowa yana kallo za a cinye shi dare bayan dare. Maganar ita ce sanin lokacin da kuskure ke da araha da lokacin da yake da tsada. Misali, a Mafiya kun rage ku huɗu, mugu ɗaya, babu wata hujja. In kuka yi ƙuri'a yanzu, damarku ɗaya ce cikin huɗu, kuma in kun kuskure wasa ya ƙare. In kuka haƙura kuka kwana, mugun zai kashe ɗaya, ku wayi gari ku uku, damarku ta koma ɗaya cikin uku. Da hannunsa ya rage muku waɗanda ake zargi.

Tsofaffin hannu a Among Us suna da lambobi huɗu a ka: bakwai, shida, huɗu, uku. In kun rage bakwai kuma sojan gona biyu na nan, kada a fitar da kowa sai da hujja mai ƙarfi. In kun kuskure kun koma shida, huɗu da biyu, su biyun su yi kisa a tare, an zama biyu da biyu, shi ke nan. Amma in kuna shida, tsallakewa ce mutuwa, dole a zaɓi wani. Haka in sojan gona ɗaya ya rage: a huɗu a tsallake, a uku a yi ƙuri'a. Yaro ɗan aji uku zai iya haddace wannan, amma ka shiga wasa ka ga manya da gemu suna fitar da mutum a bakwai saboda “tafiyarsa ba ta yi musu ba”.

Shiru ba laifi ba ne, musamman a nan

Hujjar da aka fi kafawa a ƙuri'ar gaggawa ita ce shiru, sai kuma kishiyarsa, wato rawar jiki. Wanda bai yi magana ba, ɓoyewa yake. Wanda ya yi ta kare kansa, ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ka ga ke nan an tare gaba an tare baya.

Wataƙila a ƙasar da intanet ba ya yankewa shiru na da wata ma'ana. A nan kuwa dalilansa sun fi a ƙirga. Wanda ke cikin garin Makarfi ko Tashar Yari da wanda ya je kwana ƙauye ba sabis ɗaya suke sha ba. Saƙonsa zai tsaya da alamar agogo, ya iso bayan an gama binne shi. Wani wayarsa na wajen mai caji tun la'asar, da ta yayansa ya leƙo. Wata Mama ce ta ƙwala mata kira, kuma duk mun san ba a ce wa Mama “bari in gama kare kaina”. Lokacin yankan rake da dafa mazarƙwaila, ko lokacin ɗiban tumatir a wajen Ikara, akwai wanda tun asuba yake tsaye, ƙarfe goma na yi waya za ta faɗo masa a ƙirji. Ɗalibar Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris da aka tura asibiti koyon aiki tana iya kasancewa a aikin dare, tana leƙowa ne in ta sami sarari. Ga kuma data. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, da yawa kunnawa suke su kashe, su karanta saƙo ashirin a tare. Mutum ya ware 'yan megabait ɗinsa don wasan dare, a fitar da shi a minti na uku bai ce uffan ba. Gobe in an kira wasa, kana ganin zai zo?

Ko “na gani da idona” ma a Among Us ta daina zama hujjar yankan shakku. Tun Nuwamban 2021 aka ƙara matsayai a wasan: akwai injiniya, ma'aikaci ne na gaskiya amma yana iya shiga rami kamar sojan gona, akwai kuma sojan gona mai rikiɗa ya ɗauki kamannin wani ya yi kisa da su. Don haka in wani ya danna taron gaggawa yana ihun “ja ne, ja ne”, tambayar farko ita ce: a ina, yaushe, wa ke kusa? Mun san abin da ihun “ɓarawo” ke yi a tsakiyar kasuwa. Na farko ne kawai yake cewa ya gani. Sauran duk ihun suka gani.

Akwai wata matsalar kuma da ta zama tamu ce mu kaɗai, wadda Davidoff bai san da ita ba: rantsuwa. Mutum ya ga ƙuri'u na zuba a kansa, saura daƙiƙa talatin, ba shi da lokacin kawo bayani, sai ya kama hanya mafi kusa: “Wallahi tallahi ba ni ba ne.” Nan take a janye. A juya kan na gaba: “To kai ma rantse.” Daga nan wasa ya mutu. Wanda aka ba matsayin mugu ya shiga tsaka mai wuya, ko dai ya yi rantsuwar ƙarya a kan wasa, ko ya yi shiru a gane shi. Babu wasan da ya kai a rantse da Allah a kan ƙarya dominsa, kuma babu daɗi a wasan da tambaya ɗaya ke warware shi. A ganina wannan ita ce doka ta farko da ya kamata kowane guruf ya liƙa a sama: ba a rantsuwa, ba a neman a rantse, wanda ya yi ɗaya daga ciki ya koma ɗan kallo. Amma in za a hana mutum rantsuwa, dole a ba shi abin da ya fi ta, wato lokacin magana.

A yi masa i'izari

Abin da muke nema ba baƙo ba ne, yana nan a kotunanmu. A kotunan shari'a na Arewa, alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi abin da ake kira i'izari: ya juya ga wanda hukunci zai hau kansa ya tambaye shi ko yana da sauran magana ko wata hujja. Kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci don kawai an tsallake wannan matakin, ko da kuwa shaidu sun cika. Kakanninmu sun san cewa a daidai lokacin da kowa ya gamsu, a nan ne aka fi buƙatar a ɗan dakata.

Masu ƙera wasannin ma da suka ga ɓarnar sun bi ta nan. A Town of Salem, wanda ya fito a 2014, ƙuri'a hawa biyu ce. Ta farko ta gurfanar da mutum ce kawai. Sai kowa ya yi shiru ya kare kansa, sannan a sake jefa wata: mai laifi ne ko a sake shi. Masu buga Mafiya a rubuce da Turanci kuwa suna da suna ga ƙuri'ar da ke cika rinjaye ta rufe rana, suna ce mata guduma, kuma a wajensu abin kunya ne ka buga guduma ba ka sanar ba, ba ka jira wanda ake zargi ya bayyana matsayinsa ba.

A guruf ɗin WhatsApp wannan ba ya buƙatar wata manhaja. Alƙali ya raba rana biyu: minti goma na farko muhawara ce zalla, duk ƙuri'ar da aka jefa a ciki ba ta shiga lissafi. In an buɗe ƙuri'a kuma aka kai saura ɗaya rinjaye ya cika, alƙali ya tsayar da komai, ya ambaci sunan wanda ake zargi, ya ba shi minti uku. Kafin ya fara ƙirga mintunan, ya danna bayanan saƙon ya duba: ya isa wayar mutumin? Ya buɗe? In bai ma isa ba, to ba shiru ya yi ba, ba ya nan ne, kuma wanda ba ya nan hukuncinsa daban. A jira shi zuwa ƙarshen rana, in ya ɓace kwana biyu na wasa a ba wani ɗan kallo matsayinsa. In surutu ya hana shi magana, admin na da maɓallin da ke rufe bakin kowa sai admin. A rufe, wanda ake zargi ya tura wa alƙali bayaninsa, alƙali ya manna, sannan a buɗe.

Ni na fi son tsarin da ƙuri'a ba ta aiki sai lokaci ya cika. Ko mutum tara sun taru a kanka a minti na biyu, ba ka fita sai ƙarfe goma daidai, kuma kowa na iya janye tasa kafin nan. Wannan kaɗai yana kashe guduma gaba ɗaya. Aibinsa shi ne wani lokacin a zauna ana kallon agogo bayan magana ta ƙare, amma gara wannan zaman da wasan da ya watse tun ranar farko.

A Among Us abin ya fi sauƙi, yana hannun mai ɗaki. Saitin da wasan ke zuwa da shi daƙiƙa 15 ce ta muhawara, 120 ta ƙuri'a. A daƙiƙa 15 me mutum zai rubuta da babban yatsa, a wayar da allonta ya tsage, da Turancin da sai ya fara fassarawa a ka? A lokacin muhawara maɓallin ƙuri'a a kulle yake, don haka a ɗaga ta zuwa 45 ko 60. A tuna kuma cewa a can in ka jefa ka jefa ke nan, ba a janyewa. A rage yawan taron gaggawa zuwa ɗaya ga kowane mutum. Zaɓin ɓoye masu ƙuri'a kuma, in abokai ne ke wasa, a bar shi a kashe: wanda ya san za a ga launinsa a ƙarƙashin sunan wanda aka zalunta yakan ɗan yi tunani.

In an riga an yi ɓarnar fa?

Nan ne gurufa ke fashewa. An fitar da likita, kowa ya ga katinta, sai ihu bayan hari: “A dawo da ita!” “A sake wasan!” “Alƙali, ka soke!”

In ƙuri'ar ta bi doka, ko da wauta ce, ta zauna. Alƙalin da ya soke ta don ya tausaya wa gari ya cuci miyagu, waɗanda ƙila su suka ƙulla abin da dabararsu, ya kuma nuna wa kowa ɓangaren da yake so. In kuwa ta karya doka, misali an cika rinjaye kafin a buɗe ƙuri'a ko kafin i'izari, to tambaya ɗaya ce: an bayyana matsayin mutumin ko ba a bayyana ba? In ba a bayyana ba, a soke, a koma inda aka tsaya. Shi ya sa alƙali mai hankali ba ya rawar hannu wajen buɗe kati. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya duba lokutan saƙonni. In an riga an bayyana, bakin alƙalami ya bushe. Likitar da kowa ya sani, in ka dawo da ita, nama ka kai wa kura. Ɗan garin da alƙali ya wanke da bakinsa kuma ya zama wanda ba za a sake zargi ba, wannan ma rashin adalci ne ga ɗaya ɓangaren.

Shi kuma wanda ya karya dokar, kada a ce za a kore shi daga wasan a matsayin horo. In ɗan gari ne, kun ba miyagu mutum biyu a kuɗin ɗaya. Ya fi a hana shi ƙuri'a a rana ta gaba, ko a hana shi wasan gobe. Kowanne aka zaɓa, a rubuta shi kafin a raba matsayai. Dokar da aka ƙirƙiro a tsakiyar rigima kowa zai ce don shi aka yi ta.

Ga mutanen gari kuwa, ƙuri'ar da ta ɓaci ba asara ce zalla ba. Ita ce hujja ta farko ta gaske da kuka samu a wasan. Kafin ita zato kawai ake yi, yanzu akwai jerin sunaye da lokuta. Wa ya fara kawo sunan, da wane dalili? Wa ya bi ba tare da ya ce komai ba? Wa ya ce “ni ban gamsu ba fa” amma ya jefa? Wa ya yi ta cewa a yi sauri dare na yi? A ɗauki sikirinshot tun da wuri, domin WhatsApp na barin mutum ya gyara saƙonsa cikin minti 15, yana kuma barin ya goge shi. Gurufan da suka san abin da suke yi sun haramta gyara ko goge saƙon ƙuri'a.

Kuskuren da aka fi yi washegari shi ne a taru a kan wanda ya buga guduma, a fitar da shi cikin fushi, shi ma ba i'izari. Gaggawa ta haifi gaggawa ke nan, mutum biyu sun tafi a banza, da na dare biyu huɗu. A wasan mutum goma an koma shida, huɗu da biyu, miyagu ko gumi ba su yi ba. A abin da na gani, mai guduma sau da yawa sabon shiga ne da bai ƙirga ba, ko mai zumuɗin da ke son a ce shi ya gama aikin. Mugun da ya iya wasa ba ya son ya zama na farko, ba ya son ya zama na ƙarshe. Tsakiya yake shigewa, na uku ko na huɗu, inda ba wanda zai tuna da shi. Ba doka ba ce, ƙwararru sun san ana duba tsakiyar su ma sukan sauya wuri, amma wajen fara tambaya ne mai kyau.

In guruf ɗinku ya ƙi jin magana, akwai maganin da masu ƙera wasan suka tanada. A Town of Salem akwai wani matsayi, wawan sarki, wanda shi nasararsa ita ce a fitar da shi da ƙuri'a, kuma in an yi, ya ja ɗaya daga waɗanda suka yanke masa hukunci su tafi tare. Ku sa shi a wasanku sau biyu kawai. Za ka ga masu “a fitar da shi kawai” sun koyi tambaya.

Su wa ake fara fitarwa?

Ka koma baya ka duba wasanni goma na ƙarshe a guruf ɗinku, ka rubuta wanda aka fara fitarwa a kowanne. Zan yi mamaki in sunayen sun wuce uku ko huɗu. Akwai sabon shiga da ba shi da abokin da zai tsaya masa. Akwai wanda ya ci wasan jiya, ana bin sa bashi. Akwai ƙaramin cikinku, wanda ba zai iya ce wa yayansa “ƙarya kake” ba ko a wasa. Akwai kuma mace ɗaya ko biyu a cikin maza goma, wadda in ta yi shiru a ce ɓoyewa take, in ta yi magana a ce ta cika zaƙewa. Alƙali da ka yake raba matsayai, amma ƙuri'ar ranar farko ba da ka take faɗuwa ba. Tana bin layin da ke tsakaninku tun kafin a fara wasa.

Kuma mu ba baƙin juna ba ne kamar masu haɗuwa a ɗakin Among Us na duniya, a rabu ba a san suna ba. Wanda ka kira maƙaryaci da dare shi za ka tarar a majalisa da safe, ko a sahu ɗaya a masallaci, ko ƙanwarsa ce ƙawar ƙanwarka. Sau nawa aka wayi gari aka ga “wance ta fita” a guruf, kowa ya yi kamar bai san dalili ba?

Wani wasan da ake kira Blood on the Clocktower, na wani ɗan Ostareliya mai suna Steven Medway, ya magance wannan ta hanya mai sauƙi: wanda ya mutu ba ya barin da'ira. Yana ci gaba da magana, kuma yana da ƙuri'a guda ɗaya tak da zai jefa duk ranar da ya ga dama har ƙarshen wasa. Sai dai a can ba a bayyana matsayin mamaci, don haka in za ku ara, ku ari duka biyun, in ba haka ba kun cika gari da shaidun da ba a iya musantawa. In wannan ya yi muku nisa, a buɗe ƙaramin guruf na 'yan kallo, alƙali ya riƙa tsegunta musu abin da ke faruwa da dare; kallon miyagu suna ƙulle-ƙulle kana sane wani daɗin ne na daban. Wasu kuma sukan ba sabon shiga kariyar ranar farko, ba a fitar da shi sai daga ta biyu. A ɗaya daga gurufanmu abin da aka tsayar shi ne, duk wanda aka fara fitarwa yau, shi ke raba matsayai gobe, kuma shi ke riƙe da agogon i'izari.